Yadda ake kafa gida a V Rising kafin rana ta ƙone ka

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Birni da ƙarfe 1 na rana a watan Afrilu, ya nufi Kasuwar Dole a ƙafa, ya riga ya iya rabin wasan V Rising tun bai gan shi ba. Ba ka miƙe hanya sak. Kana raɓa jikin katanga, ka tsallaka da sauri zuwa gindin dogon yaro, ka ɗan tsaya a rumfar mai shayi, ka hango inda inuwa ta gaba take kafin ka sake fitowa fili. Wannan dabarar da Damagaram ta koya mana tun muna yara, a kanta aka gina wasan.

Kamfanin Stunlock Studios da ke garin Skövde a ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙire shi. Ya fara fita a matsayin gwaji a watan Mayun 2022, cikakkensa ya fito a kwamfuta ranar 8 ga Mayu 2024, sannan ya iso PlayStation 5 a watan Yunin shekarar. Kai ne mai shan jini irin na tatsuniyoyin Turawa, wanda ya farka daga barcin ɗaruruwan shekaru a wata ƙasa mai suna Vardoran, ba ƙarfi, ba gida, ba ko riga ta kirki. Kada a haɗa shi da maye irin wanda ake faɗa a wajenmu, wanda aka ce kurwa yake kamawa. Wannan jini yake sha, hasken rana yana ƙone shi, tafarnuwa da azurfa suna cutar da shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, na ga ƙanne da dama a fadarmu ta Zango sun kama wasan da zumuɗi, bayan kwana 2 sun ajiye. Dukansu kuskure ɗaya suke yi: suna ganin takobi sai su ɗauka wasan faɗa ne, su bazama daji neman wanda za su sara. Faɗa yana ciki, kuma mai daɗi ne. Amma wanda ke ci gaba a V Rising shi ne wanda ya fara da gida, ya san lokacin fita da lokacin komawa. Tunda wasunmu da Faransanci suke saita wasan wasu kuma da Ingilishi, zan kira kayan ciki da sunayen da muke kiransu a fada, in faɗi aikin kowanne yadda za ka gane shi ko da wane harshe ka buɗe. Sunayen wurare da na mutanen wasan kuwa na bar su yadda suke.

Na'ura, wuta da rezo

Wasan kwamfuta ne mai Windows, ana sayensa a Steam, ko kuma PlayStation 5. Babu shi a waya. In ka ga wani shafi yana cewa ka sauke shi a Android, ka kauce, ba daga masu wasan ya fito ba. Masu shi sun nemi kwamfuta mai RAM giga 12 da katin hoto na daban, don haka ƙaramar kwamfutar ofis za ta sha wahala da shi. Ka sauke da dare lokacin da rezo ya fi sauƙi, ka tabbatar batirin ya cika kafin ka fara.

Zafi ne babban abokin gabar na'urarka a garin nan. Kada ka ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma mai laushi, ka sa ta kan tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako don iska ta shiga ta ƙasa. Bayan hunturu ka kai ta a hure mata ƙura. A cikin saitin wasan ka rage ingancin hoto zuwa matsakaici ko ƙasa, amma ka kula kada hoton ya dusashe har ka kasa bambance inuwa da fili, domin a nan inuwa ba ado ba ce, rayuwarka ce.

Wane irin wasa za ka buɗe

Wannan matakin mutane ke tsallakewa da sauri, alhali shi ne ya fi shafar mu. Wasan zai ba ka zaɓi: ko ka shiga sabar intanet, wato kwamfutar nesa da ke riƙe da wasan ga mutane da yawa, tare da baƙi, ko ka buɗe naka na kanka. A sabar intanet akwai wadda 'yan wasa ba sa taɓa juna, akwai wadda ake yaƙar juna har a fasa gidan wani a kwashe masa kaya. Abin lura shi ne, a can agogo ba ya tsayawa. Ko kana barci, ko wuta ta ɗauke kwana 2, gidanka yana nan yana cin jinin da ka zuba masa, in ya ƙare ya fara lalacewa. Ga kuma jinkirin rezo, tunda sabobin suna nesa da mu: ka danna kaucewa, bugu ya riga ya same ka.

Shawarata ga mai farawa a Zinder, ka buɗe naka na kanka. A nan in ka rufe wasan duniyar ma ta tsaya, kuma wasan yana ajiye inda ka kai lokaci-lokaci, don haka ɗaukewar wuta ba za ta ci maka fiye da ɗan abin da ka yi a ƙarshe ba. Kana iya gayyatar abokai 2 ko 3 su shigo, akwai ma zaɓin haɗa kwamfutoci a gida ɗaya ba sai ta intanet ba. Matakan wahala 3 ne: mai sauƙi, matsakaici, da mai tsanani. Ɗauki matsakaici. Mai tsananin yana ƙara wa manyan abokan gaba sababbin dabaru, ka bar shi sai zagaye na biyu.

A saitin naka na kanka akwai abu ɗaya da nake so ka duba. Wasan yana da ƙofofin tsafi da ke ɗauke ka daga wani yanki zuwa wani, amma bisa al'ada ba sa barin ka wuce da yawancin kayan da ka haƙo. Kana iya cire wannan takunkumin. Ni ban cire ba, don dawowa gida da kaya a ƙafa, kana lissafin fitowar rana, yana daga cikin daɗin wasan. Amma in lokacinka kaɗan ne, ko batirinka ba ya jurewa, cire shi ba laifi.

Daren farko

Za ka farka a cikin wani ramin kaburbura. Da W, A, S, D ake tafiya, da linzamin kwamfuta ake saiti da sara, F na ɗaukar kaya da shan jini, Tab na buɗe jaka, M taswira, B gini. Babban madannin ƙasa shi ne na zillewa, kuma shi ne zai fi kowanne ceton ranka. A saman allo ta hagu akwai jerin ayyukan da wasan ke ba ka ɗaya bayan ɗaya. Ka bi su. Ba ado aka sa su ba, kowanne ka gama yana buɗe maka sabon abin ƙerawa ko ginawa.

Farko ka farfasa ƙwarangwal ɗin da ke yawo a maƙabarta ka tara ƙashi, ka ƙera takobin ƙashi da zoben ƙashi. Kada ka yi saurin barin wajen. Ƙashi yana da yawa a nan, abokan gaba kuma raunana ne, ka cika jaka domin nan gaba kaɗan za ka nemi ƙashi ido rufe. Daga nan za ka fito dajin Farbane. Ka kashe dabbobi ka samu fata ka ɗinka sulken farko, ka ƙera gatarin ƙashi na saran itace da gudumar ƙashi ta fasa dutse. Kowane makami da abin da ya fi dacewa da shi: gatari ga itace, guduma ga dutse, takobi ga ciyayi.

Akwai wata lamba da ke nuna matakin ƙarfinka. Ba yawan kisa ke ɗaga ta ba, kayan da ke jikinka ne: makami, sulke da zobe. Wannan ya bambanta V Rising da wasanni da yawa. Kana iya kwana kana kashe kyarkeci, in ba ka sauya takobi ba kana nan inda kake. Kowane abokin gaba ma yana da tasa lambar a kansa. In ka ga hoton ƙoƙon kai maimakon lamba, juya ka gudu. A Farbane akwai wasu bishiyoyi da duwatsu da ke tashi su zama dodanni in ka matso, akwai kuma wani mafaraucin masu shan jini mai suna Tristan da ke sintiri a kan hanyoyi. Ba sa'anka ba ne yanzu, ka ba shi hanya.

Rana

Akwai agogo a allo mai nuna dare da rana. Ka mayar da duba shi al'ada, kamar yadda mai azumi ke duban yamma. In rana ta fito kana fili, ba take za ka ƙone ba. Haske zai fara taruwa a kanka, ka ji ƙara tana ƙaruwa, kana da 'yan daƙiƙu ka faɗa inuwa. In ka wuce haka wuta ta kama ka, lafiyarka ta zube cikin ƙiftawar ido.

Inuwar wasan tana tafiya da rana, daidai da ta gaske. Gindin dutsen da ya rufe ka da hantsi zai tona ka da la'asar. Wanda ya san manyan duwatsun nan na Birni ya san yadda inuwarsu ke zagayawa daga wannan gefe zuwa wancan, to haka za ka riƙa zagayawa da ita. Har gajimare in ya gifta yana ba ka 'yar sutura. Ka kuma tuna, bishiyar da kake sara da rana ita ce ke rufe ka. Na ga wani ƙanenmu ya tsaya gindin bishiya ɗaya tilo da tsakar rana yana saranta, tana faɗuwa rana ta hau kansa. Ya juyo ya ce, "Yaya, me ya kashe ni?" Na ce masa, rumfarka ka sare.

Saboda haka ka raba aikinka gida biyu. Dare na fita ne: farauta, haƙar ma'adini, faɗa da manya. Rana ta gida ce: zuba kaya a injina, ƙira, gini, gyaran sulke, shirya akwatuna. In dare ya rage kaɗan kada ka fara faɗa da babban abokin gaba a fili, domin rana za ta fito ta same ku, ka koma kana yaƙi da biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da rana ka gyara makami, ka haɗa magani, ka duba taswira, ta yadda magariba na yi ka fita.

Jini

A ƙasan allo akwai wani ƙoƙo mai jini. Yana raguwa a hankali ko ba ka yi komai ba, in ya ƙafe lafiyarka ta fara zuba. Ana cika shi ta hanyar raunana mutum ko dabba har ya kusa mutuwa, sai ka danna F ka sha. Haka kuma da wannan jinin kake warkar da rauni: akwai dabarar da ke juya jinin ƙoƙo ya koma lafiya, tana cikin zagayen da ke buɗewa in ka riƙe Ctrl.

Jini iri-iri ne, kuma nan wasan ya yi zurfi. In ka ɗora linzami a kan wani, za ka ga irin jininsa da ingancinsa daga kashi 1 zuwa 100. Jinin dabba yana ƙara sauri da juriyar rana. Na ma'aikaci yana ƙara yawan abin da kake samu wajen sara da haƙa. Na mayaƙi da na ƙato da na ɗan sari-ka-noƙe suna taimakawa a faɗan makami, kowanne ta fuskarsa, na masani kuma yana ƙarfafa tsafi. Gwargwadon inganci, gwargwadon amfanin da zai buɗe maka. Sabon jini yana maye gurbin wanda ke jikinka, don haka in kana ɗauke da na mayaƙi mai kashi 70, kada ka ga barewa mai kashi 4 ka afka mata. Ka duba kafin ka sha. In za ka haƙar jan ƙarfe ka nemi jinin ma'aikaci, in za ka wajen babban abokin gaba ka biya ta sansanin 'yan fashi ka zaɓi mai kyau.

Ka riƙa ajiye ɓeraye 'yan kaɗan a jaka saboda ranar ƙunci. Suna hana ka mutuwa da ƙishin jini, sai dai suna mayar da kai jini marar amfani, don haka sai dole. Wani lokaci abokan gaba suna yar da zuciya. Akwai gurɓatacciya, akwai tsarkakakkiya. Tsarkakakkiyar kada ka cinye, ka kai gida ka ɓoye, da ita ake haɗa babban ruwan jinin da za ka buƙata nan gaba.

Fili da Zuciyar Gida

Yanzu mun zo kan abin da ya fi muhimmanci. Ba ko'ina ake gini ba. An yanka filaye a taswira, kowanne da iyakarsa, kamar yadda ake yanka fuloti. Ka zaɓi ɗaya, ka kafa abin da muke kira Zuciyar Gida, wanda ake ginawa da dutse da ruwan jini. Ruwan jinin nan wani jan abu ne da ke faɗowa daga duk mai rai da ka kashe, daban yake da jinin da kake sha. Da ka kafa Zuciya filin ya zama naka. Buɗe ta ka zuba mata ruwan jini, za ta nuna maka tsawon lokacin da zai ɗauke ta. Ita ke ba injinanka ƙarfin aiki, ita ke hana ginin rubewa. Mu da muka san darajar randa a garin da ruwa ke wuya ba sai an yi mana dogon bayani ba: kafin ka fita ka leƙa, in ka dawo ka ƙara.

Wajen zaɓen fili ka duba abu 3. Ya kasance kusa da ƙofar tsafi. Ya kasance ba nesa da mahaƙar jan ƙarfe ta 'yan fashi ba, domin za ka yi ta zirga-zirga can. Sannan ya karkata arewa, wajen gonakin Dunley, tunda can tafiyarka za ta koma bayan Farbane. In a sabar yaƙi kake, ka nemi fili a kan tudu mai mashiga ɗaya. Amma kada ka ɓata dare guda kana neman fili marar aibi. Tun fitowar cikakken wasan a 2024 ana iya ɗauke gida gaba ɗaya a mayar da shi wani fili, saboda haka na farko ba auren dole ba ne.

Bayan Zuciya, ga yadda nake jera ginin farko. Akwatin gawa na katako, domin in ka mutu a nan za ka farka, ba can nesa ba. Akwatin ajiya. Shingen katako ka zagaye wajen don dabbobi da 'yan sintiri. Sai kaskon hazo. Shingen katako ba shi da rufi, rana tana shigowa tsakar gidanka kai tsaye. Kaskon nan in ka zuba masa ƙashi ka kunna, yana tayar da hazo mai rufe wani da'ira, ka yi aikinka a ciki da tsakar rana. Ka ga amfanin ƙashin da na ce ka tara. Ka jera injinanka na farko a cikin da'irar, in magariba ta yi ka kashe shi don kada ƙashi ya ƙare a banza.

Injinan farko su ne na yanka katako, teburin ƙira, tanderun narka ƙarfe, da injin niƙa dutse. Itace 20 ke ba da katako 1, ɗanyen jan ƙarfe 20 ke ba da sanda 1, don haka duk abin da ka ɗauka ya isa, ninka shi. A teburin ƙira ka ƙarfafa makaman ƙashinka, musamman guduma, da ita za ka fara fasa jan ƙarfe. Injina suna aiki ko ba ka gida. Kada ka taɓa fita ka bar su a zaune: ka cika su, ka tafi farauta, ka dawo ka kwashe.

Daga shinge zuwa soro

Injin niƙa yana mayar da dutse tubali. Da tubali da katako ake gina bangon dutse da daɓen gida. Da zarar ka kewaye ɗaki da bangon dutse ta ko'ina, ka sa ƙofa, ka daɓe ƙasansa duka, rufi zai hau da kansa. Ranar da ka ga rufin nan ya rufe, wasan ya sauya maka. Ka daina ƙona ƙashi, ka samu wajen da rana ba ta da iko da kai.

Kada ka gina zaure ɗaya ƙato ka zuba komai ciki. Wasan yana saka wa mai tsari. Injin da ke cikin rufaffen ɗaki ya fi sauri, in kuma ka daɓe ɗakin da daɓen da ya dace da sana'ar, kayan da yake ci suna raguwa da kashi 25 cikin 100. Sandar jan ƙarfen da ke cin 20 sai ta koma cin 15. Saboda haka maƙera da ɗakinta, masassaƙa da nata, majema da ɗinki da nasu, ɗakin haɗa magunguna daban. Ni tsarin gidajenmu na gargajiya na bi, kuma ya yi mini daidai: zaure a bakin ƙofa inda na jera akwatunan sauke kaya, tsakar gida a buɗe don shuka, ɗakunan sana'a a kewaye, Zuciya kuma can ƙurya inda baƙo ba ya kaiwa. Tun sabuntawar Gloomrot ta 2023 ana iya ɗora bene, don haka in fili ya yi maka kaɗan ka hau sama.

Ka gina teburin bincike da wuri. Takardun da kake tsinta a sansanonin 'yan fashi a nan ake kashe su a buɗe sababbin makamai, sulke da daɓe. In ka tsinci littafi ka kawo shi nan, yana buɗe abu kai tsaye.

Manyan jini, wa za ka fara

Ci gaban wasan yana hannun wasu manyan abokan gaba masu ɗauke da abin da ake kira jinin V. Kowanne ka kayar ka sha jininsa, za ka samu sabon tsafi, ko sabuwar siffa, ko ilimin wata sana'a. Akwai shafin da ya jera su bisa ƙarfi. Ka zaɓi ɗaya, wani jan ƙamshi zai riƙa nuna maka hanyar da yake.

Fara da farin kyarkecin nan Alpha, mai mataki 16. Yana zabura ya kawo cafka, in ya ji jiki ya kira 'yan uwansa. Ka bar shi ya zaburo, ka zille gefe, ka sara, ka ja baya. In ka kayar da shi za ka iya rikiɗa kyarkeci, tafiyarka ta ƙara sauri, wanda ke nufin ƙarin nisa a dare ɗaya. Bayansa akwai 3 masu mataki 20. Keely maharbiyar ƙanƙara tana sansanin masu tarko, ita ke buɗe majema, in babu majema kuwa ba ka da fatar kirki. Rufus yana sansanin masu saran itace, daga gare shi ake samun teburin sassaƙa. Errol yana cikin mahaƙar jan ƙarfe da ƙatuwar gudumarsa. Ni Keely nake fara bi, domin fata tana shiga abubuwa da yawa.

Dabarar faɗa ɗaya ce a kusan dukansu. Ka fara share ƙananan da ke kewaye kafin ka taɓa babban. Zagayen farko kada ka damu da sara, ka kalli yadda yake motsi, kowane bugu yana da alamar da ke riga shi. Kada ka kashe zillewarka wajen kai hari, ka ajiye ta don tsira. Kana da tsafi 2 a R da C, ɗaya na jifa, ɗaya na tare bugu ya rama, makamai masu kyau kuma suna zuwa da dabarunsu a Q da E. In ka mutu, a wasan da ba na yaƙar juna ba, kayan jikinka suna nan sai dai sun ɗan lalace, abin da ka haƙo ne ke zube a wajen, taswira za ta nuna maka. Saboda wannan, kada ka je wajen babba da jaka cike. Ka biya gida ka sauke tukuna.

Ƙarshen Farbane shi ne Quincey, sarkin 'yan fashi, a ganuwarsa ta arewa. Ƙofarsa ba ta buɗuwa da takobi. Sai ka fara kayar da Clive a mahaƙar farar wuta ka koyi haɗa nakiya, ko ka kayar da babban beyar da ke dajin ka samu siffarsa ka bangaje ƙofar. Quincey ne ke buɗe maka aikin baƙin ƙarfe.

In ka tsallaka Dunley

Gonakin Dunley ƙasar mutane ce, da ƙauyuka da sojoji da dawaki. Ka kama doki da wuri. A nan za ka haɗu da tafarnuwa rataye a gidaje da gonaki: muddin kana kusa tana taruwa a jikinka, tana sa bugu ya fi yi maka illa, kuma ba ta saurin sauka. Kuɗin azurfa in ka ɗauka suna cin lafiyarka muddin suna jaka, don haka ka ɗauke su a ƙarshen fita ka miƙe gida. Wuraren ibadarsu kuma suna da wani haske mai ƙuna, kada ka shiga sai da maganin kariya.

A wannan matakin ne za ka fara tara barori. Ka gina akwatin bara, ka raunana mutum mai jini mai inganci, ka mallake shi da tsafi maimakon ka sha, ka rako shi gida ka sa a akwatin. In ya tashi ka ba shi makami da sulke, ya tsare gida, in kuma ka gina karaga ka riƙa aika shi ya kwaso maka kaya daga wuraren da ka riga ka sani. Vincent mai ƙanƙara, wanda ke sintiri a hanyoyin Dunley, shi ke buɗe ɗakin kurkuku, inda ake ajiye mai jini kashi 100 ana ɗiba. Kifi ake ba fursuna don ya farfaɗo, don haka sandar kamun kifi za ta yi maka rana. Gaba akwai tsaunukan Silverlight, da Cursed Forest, wato La'anannen Daji, da Gloomrot, da Oakveil da aka ƙara a 2025, da kangon Mortium inda Dracula yake jira a ƙarshe, amma duk wannan sai gidanka ya tsaya da ƙafarsa.

In an kira salla, ko ka ga batiri ya yi ja, kada ka bar mutuminka tsaye a daji ko da a inuwa ne, domin inuwar za ta gusa ta bar shi. Ka koma gida, ka zuba wa Zuciya ruwan jini, ka cika injina da itace da dutse, ka shiga akwatin gawa ka kwanta. A cikinsa jinin ƙoƙonka ba ya raguwa, in kuma ka bar wasan a buɗe, ka dawo katako da tubali suna jiranka.